Kwana Tara a Kan Tayil

…kwana tara dai. Kwana tara kacal, yana ta maimaitawa a ransa, sai ka ce in ya faɗa da yawa za su ragu. Mai Tayil na zaune a ofishin kamfanin da ya gina gidan, biro a hannu, takardar saye a gabansa, akawu tana jira. Lambar da ke ƙasan takardar ba wadda ya sani ba ce. Ta yi ƙiba.

"Ba mu muka ƙara ba, Malam," in ji akawun. "Haraji biyun nan ne gwamnati ta haɗe tun ɗaya ga wata. A da guda ɗaya ake biya a kan sabon gida, yanzu duka biyun. Wanda ya sa hannu kafin ranar ne ya samu tsohon farashi."

Kafin ranar… Ai ya zo kafin ranar! Da wankansa da sabuwar rigarsa ya zo, matarsa a gefe, aka kai su su yi wa gidan gani na ƙarshe. Wa ya aike shi ya zaro makullin motarsa daga aljihu ya hau ƙwanƙwasa tayil? Wa? Shekara ashirin da biyu yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, hannun ya riga ya saba, ba ya shiga ɗaki bai ƙwanƙwasa ƙasa ba. A asibiti ya taɓa yi. A gidan surukai ma ya yi, har aka sa masa suna. Ƙwas, ƙwas, ƙwas—sai kuma ƙarar fanko. Siminti bai kama ba. Ya bi falo da kicin da alli yana sa alama, guda goma sha ɗaya, kai ka ce ɓarawo ya kama.

Ba zai sa hannu ba sai an gyara. Haka ya faɗa, da ƙarfi kuma, don manajan ya san da wa yake magana. Matarsa ta ja masa hannun riga: "Baban yara, mu karɓi makullinmu mana." Ya watsa mata harara. Manajan ma ya ce wani abu game da haraji—ya ce kuwa? Ya ce. Shi ne ya ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, a tsorata ka, ka sa hannu a kan aikin banza. Rediyo ma ta yi ta faɗa a wurin aiki, to wa ke jin rediyo injin yanka tayil na ihu a kunnensa?

Waya na rawa a aljihu. Ita ce, ba sai ya duba ba.

Ta ɗinka labule. Da igiyar awo ta je ta auna tagogin, taga shida, ta yi kwana huɗu a kan keke. Ta faɗa wa mai gidan haya ƙarshen wata za su tashi, har sabon ɗan haya ya zo yana leƙa ɗakin kwanansu. Tukwane na cikin kwali. Ƙaramar 'yarsu ta zaɓi ɗakin da ke kallon titi, ta gaya wa duk 'yan ajinsu… Me zai ce mata? Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Banki sun ce iyakar abin da za su bayar ke nan. Yayansa? Yayansa zai fara da "ai na faɗa maka," ya ƙare da addu'a. A sayar da motar aiki—to da me zai ɗauko yashi da tayil, da ka? Kuma ko an samu, ko an haɗa an rufe wannan ramin, ga lauya, shi ma harajin ya hau kan ladansa. Inshora. Kuɗin wuta duk wata. Motar kwashe kaya. Famfo ya tsiyaya, mai gyara ya zo, haraji. Shi kansa in ya rubuta wa mai gida kuɗin aiki dole ya ɗora, mutane su ce a bari sai baɗi. Ta ko'ina ake yagarsa, ta ko'ina…

"Za mu iya riƙe maka zuwa Juma'a," in ji akawun a hankali. "Bayan nan akwai wasu a layi."

Juma'a. Yau Talata. Ya gyaɗa kai, bai san me yake amincewa da shi ba.

Amma ai yana da gaskiya! Aikin bai yi ba, kowa ya zo ya ji da kunnensa. Mutum ya zuba guminsa na shekaru a karɓe, a miƙa masa fanko? Kwana tara suka ɗauka a kan abin da… abin da bai wuce…

Rabin buhun siminti. Akwai shi a shagonsa, a bayan ƙofa. Cokalin gini, guduma ta roba, bokiti. In ya fara da safe, kafin rana ta take ya wanke hannu. Ya yi wa likita, ya yi wa alƙali, ya yi wa mutanen da ko ruwa ba su ba shi ba. Da ya sa hannu ran nan, ya karɓi makulli, ya dawo washegari da kayan aikinsa… da karo na farko ke nan da zai durƙusa a ƙasan gidan da yake nasa.

Wayar ta sake fara rawa.