Anzar Gwaggo Habi

Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne. Ni Nusaiba, da na saba kullum ina lekol, makarantar da nake koyarwa, ina faɗa da yara, sai ga ni cikin takaba, ba fita, ba kwalli, daga tabarma sai bakin ƙofa. Tun da mijina Issouf ya rasu nake kwance kamar buhun gero.

Gwaggo Habi, ƙanwar uban mijina, ta zo daga ƙauyen Affala ta zauna da ni. Ita ta tashe ni. Ta kwance wani ƙulli, ta zuba 'ya'yan anza a faifai, ta ce, "Tashi, ɗiyata. Wanga shi munka ci shekarar yunwa. Ni kaɗai ta yi saura da ta san hannunshi a gidanmu."

Anza ɗaci ne da ita, wallahi har kunne. Sai an jiƙa ta kwana bakwai ana sake ruwa safe da yamma, ranar ƙarshe a sa ruwan toka gwargwadon da Gwaggo kaɗai ta sani. Na samu abin tashi da asuba. Muka shirya ita za mu dafa ranar fitata, sadaka ga Issouf.

Rana ta shida, ina sallar la'asar, sai Yaya Almoustapha, wan mijina, ya shigo daga biro, ofishin da yake aiki. Ya ga kwanoni jere a tsakar gida.

"Anza? A gidanmu, cikin garin Tawa? Mutanen biro su zo su ce yunwa muke ji?"

Ina ji, ina cikin raka'a ta uku, ya kwashe su ɗaya ɗaya ya zubar a kwata. Kwana shida na hannuna! Na sallame, na ce, "Yaya, ka tambaye ni?" Ya ce shinkafa da rago za a yi, shi ke nan. Ko fita ƙofa in nemo wata ba ni da iko, kuma ya sani.

Ranar fita aka cika gida. Yaya Almoustapha ya sa babbar riga yana raba nama. Aka ajiye wa Gwaggo kwano, ta ture shi da ƙafa, gaban abokan aikinsa.

"Almoustapha, shekararka biyu lokacin yunwar. Uwarka ba ta da nono. Ni nika tauna anza in sa maka a baki. Yau ita ka ba ka kunya?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ɗaure ƙullinta ta nufi tasha. Na bi ta da gudu, fitata ta farko ke nan, ina cewa, "Gwaggo, tokar fa? Ba ki gwada mini ba."

Ta ce, "Ba ni koya miki a gidan da anka zubar da anza." Ta shiga motar Affala.

Na shiga bayanta, da takalmin wanka a ƙafata.