Numfashin da Ya Rage wa Abu Gazi

Abu Gazi ya kai kan kakannin amarya ke nan tari ya sarƙe shi. Na miƙa masa ruwa, ya ture hannuna. Yana zaune a kan katifarsa ta ƙasa, robar iska a hanci, yana gwada min jawabin da zai yi ranar Juma'a, ranar da zai shige gaban mazan unguwa mu je nema wa ɗana Mu'utaz auren Rawan a wurin Haji Mifleh.

Ni baƙo ne a Salt, ba ni da dangi a garin, shi ya sa na roƙi maƙwabcin nawa. Rabin auren layinmu da bakinsa aka nemo shi, kuma in ya miƙe tsaye ba ya zama da wuri. Sai dai tun damina huhunsa ya fara ba shi wahala.

"Ka rage, Abu Gazi," na ce. "Cire kakannin nan."

"In cire kakannin Mifleh? Ai sai ya ce akuya muka zo taya."

Matarsa Ummu Gazi ta leƙo daga kicin ta tuna masa likita ya hana shi ko da sauka matakala. Ya ce likitan bai taɓa nema wa kowa aure ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Haji Mifleh, baffan yarinyar, mutum ne mai son a girmama shi, in jawabin ya yi gajarta zai ɗauka raini ne. In kuma ya yi tsawo, tsohon nan zai iya zubewa a gaban jama'a, a ce ni na jawo. Kullum da la'asar sai in shiga mu yanke wani abu. Muka cire baitocin waƙa, muka cire tarihin gonakin zaitun. Ran Alhamis ko gaisuwa bai iya kaiwa ƙarshe ba sai da ya huta. Na ce ko mu roƙi liman. Ya juya fuskarsa bango.

Ran Juma'a a kan kujera aka sauko da shi. A gidan Haji Mifleh aka zuba masa gahawa, ya ajiye kofin bai sha ba, tunda ba a sha sai an amsa buƙata. Ya zare robar daga hanci, ya miƙe dafe da kafaɗata.

Ya yi salati, sai ya tsaya. Yana ta neman numfashi har wani ya yi gyaran murya.

"Haji, doguwar magana na shirya maka, kuma ka cancance ta. Amma numfashin da ya rage min ke nan. Yaron nan a gabana ya girma. Ku ba shi."

Haji Mifleh ya dube shi, fuska ba walwala. Can ya taso da kansa, ya ɗauki kofin ya sa masa a hannu.

"Sha gahawarka, Abu Gazi. An ba ku."

Abu Gazi bai sake fita daga gida ba. A makon da ya biyo baya ya cika, bayan azahar, Ummu Gazi tana ɓare masa lemo.

Sai da aka yi arba'in muka yi bikin. Da 'yan rakiyar ango suka iso ƙofar gidan Abu Gazi, makaɗa suka sauke hannu, kowa ya rage tafiya. Ummu Gazi tana baranda cikin baƙaƙen kaya, tana kwashe shanya. Ta dube mu, ta yi wa makaɗan alama su ci gaba, ta koma tana ninke zanin gado.