Sarƙa a Hanyar Bhilwatola

Hemlata Tekam ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya yana juya takardun izini, ɗayan yana korar ƙuda daga bakin kofin shayin da ya huce tun ɗazu.

"Na ji, Yallaɓai. Sau biyar, na sani. Ai ni na tsara muku duka biyar ɗin."

"Sau biyar, Madam!" in ji Phadke daga masaukin baƙi, muryarsa har tana sa wayar rawa. "Tun daga Nagpur na taso da matata. Mun ga barewa, mun ga biri, ɗawisu kuwa har ya gundure ni. Kullum sai a tsayar da mota a nuna mini sawun ƙafa a cikin turɓaya. Sawu zan kai wa jikokina?"

Shekara goma sha shida ke nan tana zaune a wannan ɗan ofishi da ke bakin ƙofar gandun daji, tana tsara wa mutanen birni yadda za su shiga neman damisar nan mai ratsi-ratsi. Ita ke zaɓa musu shiyya da lokaci da direba. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawari ba, domin damisa ba ma'aikaciyar ofishinta ba ce. Aikinta kawai ta lallaɓa mutum kada ya fid da rai kafin ya koma gida. Ta gaji da aikin, ta gaji da zafin watan Yuni, ta gaji da jin muryarta tana cewa "wataƙila gobe". Yau kuwa babu wani gobe: da faɗuwar rana za a rufe ƙofa saboda damina, sai watan Oktoba.

Ta ɗaga kai ta dubi bencin da ke bakin ƙofa. Mahaifinta, tsoho Sukkal, yana nan inda ya zauna tun da motar farko ta sauke shi. Ya sanya farar rigarsa ta zuwa biki, katin shaidarsa na leƙowa daga aljihu, ya riƙe wani ɗan ƙullin tsumma a cinya. Ba sai an gaya mata abin da ke ciki ba: shinkafa ce da aka cuɗa da kurkum, irin wadda ake zuba wa mamaci.

A cikin dajin aka haife shi, a ƙauyen Bhilwatola. A can ya binne matarsa a gindin tsamiya, ya kafa mata dutse, shekara guda kafin hukuma ta kwashe mutanen ƙauyen ta fito da su waje don a bar wa namun daji wurin. Hemlata tana da shekara bakwai a lokacin. Da yana da ƙarfi bai taɓa zancen komawa ba. Sai da hawan jinin ido ya cinye masa idon dama ya fara. Wancan makon kuma likita a asibitin gunduma ya ja ta gefe ya ce na hagun ma ba zai kai ƙarshen damina ba.

Abin da tsohon bai sani ba shi ne shekara uku ke nan da aka gitta sarƙa a hanyar Bhilwatola. Motar baƙi ba ta bi, ko ta wane ne. Bakinta ya kasa furta masa wannan, sai ta riƙa cewa babu gurbi, a bari sai wata mai zuwa. Shi kuma ya riƙa hawo motar farko yana zama a bencin.

"Madam, kina ji na kuwa?"

"Ina ji, Yallaɓai." Sai ta ji bakinta ya ci gaba da kansa. "Ku biyu ne a mota mai kujera shida. Akwai wani dattijo a nan, a cikin dajin aka haife shi, ba abin da bai sani ba na damisa. In kun yarda sai in ƙara sunansa a takardarku ta yamma. Ni ma zan shiga in yi muku jagora da kaina."

"To me kike jira da shi tun ranar farko?"

Ta iske Nandu direba a rumfar mai shayi, ya miƙe a kan benci ya rufe fuska da jiƙaƙƙen tawul. Da ta gama bayani ya tashi zaune yana kallonta.

"Tsaya in gane, Yaya Hemu. Mutumin Nagpur kin sayar masa da tsoho, tsoho kuma za ki sayar masa da Filin Ɗawisu a ce garinsu ne?"

"Shi ma ai kufai ne. Akwai tsamiya, akwai duwatsu. Ba ya gane komai in ya wuce taku goma."

"Ido ne ya mutu, ba kai ba. Kin san Kaka kuwa?"

"Kai dai ka tuƙa, ka kama bakinka. Ko kana da wata dabarar? Za ka tsallake sarƙar ne?"

Nandu ya mayar da tawul kan fuskarsa. "Ina da 'ya'ya huɗu," in ji shi daga ƙarƙashi.

Awa ɗaya da rabi ta yi a layin tagar ba da izini, fanka tana kaɗa iska mai zafi a kan mutane, kafin a buga sunan Sukkal a ƙasan na Phadke da matarsa. Da ta dawo ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, an samu gurbi." Bai yi murmushi ba. Ya shafa aljihunsa ya tabbatar katin na nan, sannan ya ce ta ba shi ruwa ya wanke fuska.

Ƙarfe huɗu suka shiga a buɗaɗɗiyar motar Nandu. Hemlata ta zauna kusa da mahaifinta a kujerar tsakiya, Phadke da matarsa suna baya, shi rungume da kyamara mai tsawon taɓarya. Dajin ya bushe ƙamas, ganye duk ya zube, hadari yana taruwa can gabas amma ya ƙi ƙarasowa. Ba su yi minti biyar ba Phadke ya sunkuyo.

"Dattijo, ina take? Me kake ji?"

"Ina jin ka," in ji Sukkal da yarensu, wanda baƙin ba sa ji.

"Me ya ce?"

"Ya ce a yi shiru tukuna," in ji Hemlata.

Da suka kai mararraba, inda sarƙar take rataye tsakanin ginshiƙai biyu, Nandu ya karya dama ba tare da ya dubi kowa ba. Hemlata ta saci kallon mahaifinta. Idonsa a lumshe yake, kansa yana gyaɗawa da girgizar mota. Ta sauke numfashi.

Filin Ɗawisu ya buɗe a gabansu da jar ciyawa, barewa masu ɗigo-ɗigo suna kiwo a gefe. Nandu ya kashe mota. Hemlata ta kama hannun tsohon, ta yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu.

"Mun iso, Baba. Ga shi nan."

Ya buɗe idon hagun, ya juya kai a hankali.

"Gaya mini abin da kike gani."

Ta gaya masa. Ta nuna masa tudun da ta ce nan ne gidansu, da kwarin da ta ce rijiya ce. Ta ce ga tsamiya can tana tsaye cak, ta yi inuwa mai faɗi, ga dutse a gindinta, ciyawa ta rufe rabinsa. Muryarta ba ta yi rawa ba, kuma wannan ne ya fi ba ta kunya. Shekara goma sha shida tana koyon wannan muryar a kan baƙi, yau ga ta tana amfani da ita a kan wanda ya haife ta.

"Ba a sauka, Baba, ka sani. Amma in za ka jefa shinkafar, jefa yanzu. Nandu ba zai gani ba."

Ya juya ƙullin a hannunsa. "Bari tukuna."

"Madam," in ji Phadke, "hira muka zo ji? Sauran motoci duk sun yi wajen madatsar ruwa. An ce can aka ji barewa tana kuka irin na ganin damisa."

Nandu ya kai hannu ga makulli. Sai tsohon ya ɗaga tafinsa.

"Kada ka tayar."

Ya karkata kunne. Su dai ba abin da suka ji sai tsuwar ƙwari. Can sai wani biri ya yi tari sau biyu daga cikin gorar da ke bayansu, gajere, kamar wanda ya shaƙe.

"Wancan kukan na madatsa, uwa ce ke neman ɗanta," in ji Sukkal. "Wannan tarin birin shi ne na damisa. Ta kwana a cikin gora, ƙishirwa ta tashe ta. Ta bayanmu za ta gitta. Ku ce wa mai surutun nan ya juya."

Suka jira. Minti goma, sha biyar. Gumi ya jiƙa wa Phadke riga, ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta matse masa hannu. Daga nan sai ciyawa ta rabu, damisar ta fito kan hanya, doguwa, ramammiya saboda rani, harshe a waje. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta taka a hankali kamar mai dawowa daga aikin da ya ishe ta, ta tsaya ta shinshina wani kututture, ta shige ɗaya gefen. Kyamarar Phadke tana ta ƙara, shi kuma hawaye na zuba masa, babban mutum da furfurarsa.

Hemlata ta ga damisa fiye da sau ɗari, wannan ba ta motsa mata komai ba. Mahaifinta take kallo, wanda bai ko waiwaya ba. Mutumin Nagpur ya sami abin da aka ce zai samu, kuma tsohon da ta yi ƙarya da sunansa ne ya ba shi.

Nandu ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure. Duk motar da ta makara a ƙofa, direbanta zai kasance a dakace idan an sake buɗe dajin. Suka juyo da gudu. Phadke sai girgiza kafaɗar Sukkal yake yana cewa zai rubuta sunansa a duk inda ake rubuta suna. Iska ta sauya, ta fara kawo ƙanshin ruwa. Tsohon ya matso da bakinsa kusa da kunnen 'yarsa.

"Hemu."

"Na'am, Baba."

"Da muna shigowa na ji Nandu ya karya dama a inda ya kamata mu miƙe. Me ke wurin?"

Ta nemi muryar nan ta ofis, ta rasa.

"Sarƙa ce."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Suka wuce wata 'yar gada.

"Garinmu sai an haye rafi sau biyu, sau ɗaya muka haye. Tsamiyarmu kuma ba ta tsaye. Iska ta kayar da ita tun ba a haife ki ba, a kwance ta ci gaba da girma. A kanta kike hawa kina cin tsamiya har haƙoranki su mutu. Kin manta."

"Baba, na kasa gaya maka ne."

"Da kin gaya mini, da na huta da motar asuba, ke ma kin huta da ganina a benci." Babu faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai. "Sawu kika nuna mini, irin wanda kike nuna wa baƙinki. Kin iya aikinki, 'yar nan."

Gara ma ya mare ta. Ta sunkuyar da kai, ta ji hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Nandu," in ji tsohon da ƙarfi, "in ka kai sarƙar, tsaya."

"Kaka, saura minti goma sha biyu."

"Ɗaya nake so."

Nandu ya dubi Hemlata ta madubi, ya ja tsaki a kan kansa, ya taka birki a mararraba. Phadke ya zabura da kyamara. "Wata ce kuma? Ina take?" Matarsa, wadda tun ɗazu take kallon ƙullin da ke cinyar tsohon, ta janye shi ta ce ya zauna.

Bayan sarƙar hanya ta miƙe, ciyawa ta tsiro a tsakiyarta, ta ɓace cikin itatuwa. Sukkal ya juya fuskarsa wajen, ya buɗe idon hagun iya buɗewa. Ya daɗe a haka. Ko ya ga wani abu, ko bai gani ba, bai faɗa ba. Sannan ya kwance ƙullin, ya laluba hannun 'yarsa, ya juye mata shinkafar a tafi.

"Ke ce mai ido, kuma uwarki ce. Jefa."

Nandu ya duƙa yana gyara wani abu a ƙarƙashin sitiyari wanda bai lalace ba. Hemlata ta miƙe tsaye a cikin mota, ta jefa da iya ƙarfinta. Shinkafa ba ta da nauyi. Iska ta dawo da rabi kan kujera, sauran ya zuba a turɓaya, bai fi taku ɗaya bayan sarƙar ba.

"Ta haye?" in ji tsohon.

Ta dubi ƙwayoyin rawaya a ƙasa.

"Kaɗan ta haye, Baba. Taku ɗaya."

Ya gyaɗa kai, ya ninke tsumman ya sa a aljihu tare da katinsa.

"To mu je, kada a rufe wa yaron mutane ƙofa."