Wasiƙar da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Tata, wato mahaifina, ya ture tarin takalman da ke kan teburin aikinsa, ya goge teburin har sau biyu, sannan ya shimfiɗa takardar. Ranar Laraba ce, amma mazan da suka cika shagon kowa ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Warin fata da na taba ya haɗu da na gumi har numfashi na ƙoƙarin gagara.

"Suna, unguwa, sana'a," in ji Tata. "Kamar ranar da aka jarraba ku. Wanda ya zubar mini da tawada kuwa sai ya lashe ta."

"Velile!" in ji Ntlabati mai amalanke. "Kai da ka koyi baƙi da furfura a ka, yau kai ne hedimasta?"

Aka kwashe da dariya, har da Tata. Gaskiya Ntlabati ya faɗa. Ni na koya wa mahaifina rubutu yana ɗan shekara arba'in da ɗaya, don a nan jihar Cape baƙar fata mai gida, wanda ya iya rubuta waɗannan abubuwa uku, sunansa na shiga rajista ɗaya da na Bature, ƙuri'arsa ta faɗa akwati ɗaya. Ba abin da Tata ke taƙama da shi a duniya kamar wannan. Sai ga shi a wannan shekara ta 1936 majalisa ta yi doka a kwashe sunayensu a kai wata rajista daban, inda za su zaɓi Turawa uku su yi magana a madadinsu. Shi ne suka ce in rubuta musu koke zuwa ga Sarkin Ingila, tunda ni ke koyar da Turanci a makarantar mishan. Ni kuwa ko ƙuri'ar ban taɓa gani ba, an ba matan Turawa an tsallake mu.

Mama ta leƙo ta ƙofar baya, ludayi a hannu. "Wai Sarkin nan naku ya san akwai garin nan namu Komani a duniya?"

"Nofezile, koma ga wakenki," in ji Tata. "Ranar da aka haɗa ƙasar nan an yi mana alkawari. Duk dokar da ta taɓa ƙuri'armu sai ta ƙetare teku Sarki ya gani. Ba zai sa hannu ba."

"To, Allah ya sa. Ni dai ban taɓa ganin alkawarin Bature ya tsufa ba."

Na ƙarshe a layi shi ne Kaka Dyani, wanda ya fi kowa daɗewa a rajista. Idanunsa sun yi fari fat. Na kama hannunsa zan kai shi kan layi, ya fizge.

"Sake ni, 'yar nan. Ina jefa ƙuri'a tun ubanki na yawo ba wando."

Ya daɗe yana yi, sunan ya karkace ya hau na wani, amma ya rubuta shi da kansa. Mutum arba'in da uku suka sa hannu. Da yake Tata mai bin ƙa'ida ne, ya aika ta hannun wakilin Sarki da ke Cape Town, shi zai miƙa ta gaba.

* * *

Bayan mako biyar aka kira shi ofishin majistare. Na raka shi don in yi tafinta. Akwai benci, amma ba namu ba ne, don haka muka tsaya. Akawun, wani yaro Mista Kotze wanda bai kai ni shekaru ba, ya janyo ambulan daga aljihun tebur ya wurgo ta gabanmu. Tamu ce. An farke bakinta, an buga mata hatimi biyu, na Cape Town da na ma'aikatar harkokin 'yan ƙasa.

"Kai ne Filemon?"

"Velile Sogoni, ranka ya daɗe."

"Duk ɗaya. An dawo maka da kayanka."

Tata ya juya ambulan ɗin yana neman wani abu a bayanta. "Tambaye shi, Nomakhwezi. Ina amsar Sarki?"

Kotze ya yi dariya tun kafin in gama. "Wane zamani ubanki yake? Shekara biyar ke nan London ta yi doka ta ce ba ta da iko a kan majalisarmu. Shekara biyu da suka wuce mu ma muka yi tamu muka kulle maganar. Yanzu ba a tura komai can a jira izini. Inda ministocinmu suka nuna, nan wakilin Sarki ke sa hannu, kuma tuni ya sa. Faɗa masa mun sami 'yanci."

Na faɗa masa. Ban taɓa jin kalma ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba. Na tuna ranar da labarin dokar ya fito a jarida. Tata ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce ƙasarmu ta girma, ta daina jiran a ba ta izini kamar yarinya, har ya sa Mama ta yanka kaza. Mun ci kaza muna murnar an cire sakatar da ke tsakaninmu da Turawan ƙasar nan. Babu wanda ya tambaye mu a London, babu wanda ya tambaye mu a nan. Turawa suka zauna da Turawa, waɗancan suka ce ga ƙasarku, kuma cikin kayan da aka miƙa har da mu.

"Ba ta je ba ke nan?" in ji Tata a hankali.

"Ba ta je ba, Tata. Hoton jirgin da ke jikin kan sarki, shi ne iyakar jirgin da ta gani."

Na juya ga Kotze. "'Yancin me kuka samu? Na ku yi da mu yadda kuka ga dama ba mai cewa ku bari?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. Ya karɓe ambulan ɗin, ya zaro koken, ya sa yatsa a kan layin farko. "Rubutu mai kyau. Na malamar makaranta ne, ko? Sufeton makarantu zai so ya san wadda ta yi shi."

Tata bai ji Turancin ba, amma ya ji muryar. Ya cire hularsa da ya riga ya mayar, ya riƙe ta a ƙirji.

"Yi shiru, Nomakhwezi. Ce masa mun gode."

Ban ce ba. Shi ya ce, da ɗan Turancinsa na kasuwa, har sau biyu. Har yau ban yafe wa ofishin nan wannan godiya ba.

* * *

Da la'asar muka iso, muka tarar da su a ƙofar shago, wasu zaune kan amalanken Ntlabati. Labarin kiran ya riga mu.

"To, hedimasta?" in ji Ntlabati, amma ba dariya a muryarsa. "Me ya ce?"

"An ƙi," in ji Tata.

Bai faɗa musu cewa takardar ba ta ma je ba. Wani ya tofar da yawu, wani ya zagi majalisa da iyayenta. Mama na tsaye bakin ƙofa, ta dubi fuskar mijinta, ba ta ce ai na faɗa ba, ta koma ciki.

Kaka Dyani ya miƙo hannu cikin iska. "Ba ni ita, Velile."

Tata ya sa masa ambulan ɗin a tafin hannu. Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya shiga shafa takardar a hankali, gefe zuwa gefe. Yatsunsa suka tsaya a wani wuri da ta yi santsi.

"A nan Sarki ya riƙe ta," in ji shi. "Ko da ya ƙi, ai ya karanta sunayenmu. Ya san mun iya rubutu. Ko ba haka ba, Velile?"

Na buɗe baki, Tata ya damƙe mini hannu har ƙashina ya amsa.

"Haka ne, Kaka," in ji shi.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ci gaba da shafa wurin da ɗan yatsa. Tabon maiƙo ne. Ina tsaye Kotze ya yi shi, da hannun da ya gama cin tsiran alade.