An Share wa Baƙi Rafi

Tun kafin Muhsin ya kashe babur ya jiyo lasifika ana gwajin murya daga bakin rafi. Ya waiwaya. Motar baƙin Kano tana biye da shi, tana kauce wa ramukan hanyar da ta ratso daga Kabo.

Wata huɗu ya yi yana neman wurin nan. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gwarzo, kuma duk Asabar da sassafe sai ya rataya madubin hangen nesa, ya soka ɗan littafi a aljihu, ya bi fadamu. Ya zagaya ta Jama'a, ya zagaya ta Kara, gona ta cinye ko'ina. Sai a Rafin Gawo ya ƙirga tsuntsu iri arba'in da ɗaya a safiya guda: zalɓe, kirinjijiya, tsirya, har da gauraka biyu, waɗanda rabonsa da ganinsu tun yana firamare.

Amma masu gawayi sun riga sun shafa wa manyan bishiyoyin rafin jan fenti, alamar sara. Shi ya sa ya nace wa Dakta Adawiyya, shugabar wata ƙungiyar masu kallon tsuntsaye a Kano, ta zo ta gani. In rafin ya shiga jerin wurarensu, za su rubuta wa hakimi a hana saran. Abu ɗaya ya ƙara, don ladabi: ya sanar da mai unguwa cewa baƙi za su zo.

Ya sauka daga babur ya tsaya.

An nome kacalar bakin ruwa ƙarƙaf, an tara an ƙone. An cire ƙayoyin da marai ke saƙa sheƙa a kai. An rage wa tsamiya rassa don rumfa ta samu wuri. Ga kujerun roba a jere, ga janareta yana ruri. Ruwan ya kwanta fili, ko tsattsewa ba ta gifta ba.

Mai unguwa Nata'ala ya taho da babbar riga, fuska cike da fara'a. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Kano.

"Kwana uku muna gayya, Malam," in ji shi. "Da wurin nan ko akuya ba ta ratsawa. Yanzu Hajiya ta zauna a inuwa ta yi kallonta."

"Baba, kallon me?"

"Tsuntsaye mana."

"Suna ina?"

Mai unguwa ya ɗaga kai sama, ya duba gabas da yamma. "Za su zo. Ai da sauran safiya."

"A kacalar da kuka ƙone suke kwana. Na ce muku baƙi za su zo, ban ce ku taɓa komai ba."

"To, baƙo zai zo daga birni mu bar shi cikin ƙaya? A ce mutanen Rafin Gawo ba su da tarbiyya?"

Muhsin ya juya ya dubi baƙin. Dakta Adawiyya ta karɓi kwanon furar da aka miƙo mata, ta yi godiya, ta kurɓa.

Wani tsoho, Baba Hambali, wanda sana'arsa korar tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa, ya matso yana dogara sanda.

"Malam mai madubi, shekara talatin ina korar tsuntsu ban iya abin da suka yi a kwana uku ba. In mutanenka kake nema, suna maƙabarta. Can ba mai sare ko reshe."

Suka bi shi a ƙafa. Tsohuwar maƙabartar tana bayan gari, kewaye da shingen aguwa. Suka yi wa mamata sallama, suka tsaya daga waje. Bishiyoyin kuka da kanya sun yi fari da belbela. Tsirya tana kai-kawo. Dakta ta ƙirga iri goma sha bakwai. Gauraka dai babu.

"Ba zan iya rubuta wa hakimi kan abin da ban gani ba," ta ce a hankali. "Kacala tana tsirowa. Zan dawo bayan damina, in bishiyoyin suna nan."

Mai unguwa ya iso yana haki, ya ga baƙi suna leƙe ta kan shinge, ya girgiza kai don kunya.

"Ai da ka faɗa, Malam. Dubi yadda wurin ya yi duhu. In nan za su riƙa zuwa, sati mai zuwa a yi gayya."

Dakta ta riga ta buɗe littafinta. Ta dubi Muhsin. "In saka maƙabartar a jeri?"

Ya dubi belbelun, ya dubi mai unguwa.

"A'a, Dakta. Baba, kada ku wahalar da kanku. Ba abin da suka gani a nan."

Ya mayar da madubin cikin jaka. A hanyar komawa suka wuce amalanken masu gawayi, an loda masa rassan tsamiyar da aka rage.