Motar Mushe Na Allah Mai Ƙofa Biyu

"Ku dakata, uwargida ta shiga tukuna," in ji Illo. "In kun sa shi, ita ta ina za ta bi?"

Maza uku ne riƙe da Mushe Na Allah, tsohon malamin makarantar boko, a ƙofar gidansa da ke Korgom, rana ta take tsaka. Motar ja ce, mai ƙofa biyu, gajera har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Illo ya tura kujerar gaba, Ramatu matar Mushe ta sunkuya ta kutsa baya, ta zauna a takure da kwanon fura a cinya. Sannan aka kwantar da kujerar, aka jingina mara lafiyan, kansa dab da gwiwarta.

Illo maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Shekara ashirin ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Kwana huɗu ke nan yana kai da kawo tsakanin gidan da asibitin garin, har yau likita ya ce numfashin Mushe ya fi ƙarfinsa, a kai shi Tasawa. Motar asibiti kuwa ta fita da mai naƙuda tun hantsi, ba ta dawo ba.

Bara waccan Mushe ya sayo motar, bayan ya ajiye alli a lakwal, makarantar da ɗalibai ke kiran malami Mushe. Tsohuwa ce, ya same ta da araha a Maraɗi saboda babu mai so. Mutanen gari suka yi ta dariya: ba ta ɗaukar buhun hatsi, ba ta ɗaukar akuya, rairayi kuma abokin gabarta ne. Shi ko a jikinsa.

"Shekara talatin ina bisa bayan motar kasuwa, tsakanin buhuna da kaji," ya taɓa ce wa Illo. "Yanzu ɗiya sun watse, daga ni sai Ramatu. Mi zan yi da ƙofa huɗu? Ga motar ba ta shan isansi, mai kaɗan ya ishe ta."

Illo ne ya ja motar. Ba su yi nisa ba ta kafe a rairayi. Illo ya fita ya durƙusa, ya tone rairayin da hannu, ya karyo rassan sabara ya cusa ƙarƙashin taya. Karo na biyu sai da wasu masu sharar gona suka zo suka tura. Da ya koma mazauninsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, bayansa na zugi.

"Na wahalshe ka, maƙwabci," in ji Mushe, muryarsa can ƙasa.

"Haba Mushe. Kai dai ja numfashinka."

La'asar ta kusa kafin suka hau kwalta. Kukan tayoyin ya canza, girgizar ta ɗauke. Mushe ya buɗe ido.

"Illo, taka ta."

"Malam, kai da ba ka da lahiya?" in ji Ramatu.

"Ban taɓa wuce sittin da ita ba. Tsoro nike. In ji yadda take tahiya, ko sau guda."

Illo ya dubi hanya, babu kowa sai wani amalanke can nesa. Ya taka. Abin ya ba shi mamaki: motar da ta wuni tana nishi sai ta kwanta a kan titi, ta miƙe sumul kamar an zare ta daga kube. Iska mai zafi ta shigo ta taga, tana kaɗa gemun Mushe.

"Ka ji ta?"

"Na ji ta, Mushe. Wallahi mota ce."

Mushe ya yi ɗan murmushi. Ramatu ta sunkuyo kusa da kunnensa tana kalmar shahada, yana bin ta a hankali. Illo ya tsayar da idonsa a kan hanya. Ya fara hango dogon ƙarfen waya na Tasawa ke nan Ramatu ta yi magana.

"Malam Illo, sassauta. Babu sauran gaggawa."

Ya gangara gefen titi ya tsaya. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya daɗe hannuwansa a kan sitiyari. Daga baya ya fita, ya tura tasa kujerar gaba don ta samu hanya.

"Hito ki sha iska, uwargida. Ƙahwahunki sun sage."

"Bar ni nan," ta ce. "Mu koma gida. Mu samu a kai shi makwancinsa kahin magariba."

Ta shafa idanunsa ta rufe, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa haɓa. Sannan ta tallafi kansa da hannu biyu daga baya, don kada ramukan hanya su girgiza shi.

Illo ya juya motar a hankali. Ba su yi tafiyar kirki ba garken shanu ya fara tsallaka titi, suna tafe ɗaya bayan ɗaya, wata Bafulatana na biye da su da sanda a kafaɗa. Ya kashe injin. Suka zauna suna jin takun kofato a kan kwalta, har ɗan maraƙin ƙarshe ya haye.