Kwamfutoci Biyu Masu Kunyar Juna

Ana gobe azumi, kwamfutoci uku na ƙaramin gidan rediyon garin Nikki suka ƙi yarda da juna a kan lokaci. Ta ɗakin watsa shiri tana gaba, ta ofishin shugaba tana biye da ita, tsohuwar ta ɗakin labarai kuma tana can baya da minti bakwai. Ta ɗakin shirin ce ke sakin sanarwar shan ruwa da kanta, kuma rabin garin da ita yake buɗe baki. In ta yi gaggawa, Sabi Kora mai kula da na'urori ne zai ɗauki alhakin azumin mutane.

Ya saita su da hannu da safe. Kafin azahar ya ƙara dubawa, sun fara zamewa.

"Sabi, ko dai kai ne ka tsufa?" in ji Madam Bake, shugabar gidan, tana cin sakwararta a kan tebur.

"Madam, ni da na'urar nan tare kika ɗauke mu. Ita kaɗai ake saya wa sabon abu."

Ya zauna ya bi saitin kowacce. Ta ɗakin shiri an ce mata ta riƙa tambayar ta shugaba lokaci, don babba ake bi. Ta shugaba kuma an ce mata ta tambayi ta ɗakin shiri, don lokacin rediyo shi ne lokaci. Kamar dattawa biyu a bakin ƙofa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga, har rana ta faɗi suna tsaye. Babu wadda ta taɓa leƙa waje.

"Ɗaya ce za ta tambayo intanet, sauran su bi ta," in ji Sabi.

"Tawa ke nan."

"Taki da la'asar take kwana, Madam. Kina rufe ofis ta mutu."

"To wa zan bi? Waccan gyatumar?"

"Ita kaɗai ce ba a kashewa. Duk lattinta, minti biyu ne laifinta. Sauran biyar ɗin gaggawarku ce."

Madam ta suɗe yatsa, ta ce ya yi abin da ya ga dama, amma kada ya faɗa wa kowa.

Washegari da yamma Sabi ya tsaya a ƙofar ɗakin shiri da kofin kunu a hannu. Fuskokin kwamfutocin nan uku lamba ɗaya suke nunawa. Sanarwa ta fita, a daidai lokacin ladanin unguwa ya ɗaga murya.

"Madam, kin ji ko? Har da ladan mun dace."

"Ladan da rediyonmu a kunnensa yake kiran salla, Sabi. Tun bara."

Sabi ya fita tsakar gida ya dubi yamma. Rana ta faɗi, ba ta tambayi kowa ba. Ya sha kununsa.